Labarin Da Mataccen Tsuntsu Yake Kawowa

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya iya karatun tsuntsaye. Idan shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin gari, manomi ya san damina ta ƙarato, sai ya shiga sharar gona ya nemo iri. Idan jan-baki ya yi gayya a fadama, mai gero da mai shinkafa sun san barcinsu ya ƙare. Ungulu kuwa, in ta yi ta shawagi a wuri ɗaya, makiyayin da saniyarsa ta ɓata ya san inda zai nufa. Duk wannan karatun tsuntsu mai rai ne. To, wanda ya mutu fa? Yawancinmu in mun ga mushen hankaka ko na kurciya a bakin hanya, sai mu ture shi da ƙafa mu wuce, ko kuwa yara su ɗauka su yi ta wasa da shi.

Amma akwai ƙasashen da suka koyi cewa mataccen tsuntsu ma yana da labari a bakinsa, har yakan riga likita sanin annobar da sauro yake shirin kawo wa mutane. Da tsada suka koyi wannan darasi, cutar da ta koya musu kuwa daga Afirka ta fito. Bari mu bi sawun labarin daga farkonsa, sa'an nan mu komo da shi arewacin Togo, wajen 'yan'uwanmu na Sokode da Dapaong, mu ga abin da ya shafe su a ciki.

Masu neman shawara sun tsinci wata cuta

Mafarin labarin shi ne zazzaɓin shawara, wanda yake mai da idon mutum rawaya, ya sa shi aman jini. A shekara ta 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa wurin bincikensa a Yaba, cikin Ikko. A 1927 wani likitansu mai suna Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum, Asibi, ɗan shekara 28, a garin Kpeve da ke yankin Volta na Gana ta yau, ba nisa da iyakar Togo. Asibi ya warke, amma daga jininsa aka kama ƙwayar cutar, wadda masana suke kira bairus, wato ƙwayar da ƙanƙantarta ta wuce madubin likita na yau da kullum ya gani. Aikin ya ci rayukan masu binciken kansu. Adrian Stokes ya mutu a Ikko a 1927, Hideyo Noguchi ɗan ƙasar Japan ya mutu a Akara a 1928. Daga ƙwayar nan ta jinin Asibi ne Max Theiler ya samo allurar rigakafin shawara a 1937, ita ce kuwa ake yi wa 'ya'yanmu har wa yau.

A 1936 aka buɗe wani gidan binciken shawara a Entebbe, ƙasar Yuganda. A watan Disamba na 1937 ma'aikatansa suna zagayen ɗibar jini, sai suka iske wata mata 'yar shekara 37 tana zazzaɓi a Omogo, cikin gundumar da ake kira Yammacin Nilu. Da suka sa jininta a jikin ɓeraye, sai ga wata ƙwaya dangin ta shawara, amma ba ita ba ce. Suka raɗa mata sunan gundumar, suka buga labarinta a 1940.

Bayan 1950 masu bincike a Masar suka gano yadda take yawo. Gidanta na ainihi jinin tsuntsaye ne. Sauro ya ciji tsuntsu mai ɗauke da ita, ya je ya ciji wani, haka take zagayawa. Sauron da yake wannan aiki shi ne wanda masana suke kira Culex, mai cizon dare, mai hayayyafa a kwatami da ruwan datti. Wani lokaci yakan bar tsuntsu ya ciji mutum ko doki. Daga nan hanyarta ta ƙare, gama ba ta yin yawa a jinin mutum ko na doki har wani sauro ya iya kwasa ya kai gaba. Cikin mutum goma da suka kamu, takwas ba za su ma san sun kamu ba. Saura sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Amma kimanin mutum 1 cikin 150, yawanci tsofaffi, takan hau musu ƙwaƙwalwa, ta kawo ruɗewa da shanyewar jiki, wani lokaci har da mutuwa. Shekaru da yawa ana ɗaukarta ƙaramar cuta, sai a 1996 ta ɓarke a Bukares, babban birnin Romaniya, ta kwantar da mutum kusan 400, ta kashe 17. A 1998 kuma aka ga agwagin dinya na kiwo da farar shamuwa suna mutuwa da ita a Isra'ila.

Hankakin Niyu Yok

A tsakiyar shekara ta 1999 mutanen birnin Niyu Yok na Amurka suka fara ganin hankaki suna faɗowa matattu a tituna da lambuna. Ba wanda ya ɗauki abin da nauyi. A ƙarshen watan Agusta wata likita a unguwar Queens, Deborah Asnis, ta sanar da hukumar lafiya ta birnin cewa tana da tsofaffi a kwance da kumburin ƙwaƙwalwa da wani irin raunin jiki da ba ta saba gani ba. Aka gwada jininsu, a ranar 3 ga Satumba aka ba da sanarwa cewa wata tsohuwar cutar sauro ce ta ƙasar, mai sunan birnin St. Louis.

A ɗaya gefen birnin kuwa, a gidan namun daji na Bronx, akwai wata likitar dabbobi, Tracey McNamara, wadda aikinta shi ne feɗe duk dabbar da ta mutu don a san sanadi. Ta feɗe hankakin da aka tsinto a kewayen gidan, ta ga jini a ƙwaƙwalwarsu, zuciyarsu kuma ta lalace. Ba a jima ba tsuntsayen da suke cikin kejinta ma suka fara mutuwa, har da gaggafa. Ta san cutar St. Louis ba ta kashe tsuntsaye haka. Sai ta yi tunani, in sauro ɗaya ne yake cizon hankaki da mutane, ashe kuwa cuta ɗaya ce take kashe su, an kuwa yi kuskuren sunanta. Ta buga waya Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar, ba a saurare ta ba, don ana ganin sha'anin tsuntsu dabam, na mutum dabam. Ba ta haƙura ba. Ta aika da naman tsuntsayen zuwa ɗakin gwajin dabbobi na gwamnati a Ames, jihar Iowa, ta kuma nemi taimakon likitocin soja. Kafin ƙarshen Satumba gaskiya ta fito. Zazzaɓin Yammacin Nilu ne, wanda ba a taɓa ganinsa a nahiyar Amurka ba, irinsa kuma ya yi kama ƙwarai da wanda ya kashe dinya a Isra'ila.

A shekarar nan mutum 62 aka tabbatar sun kamu, 7 suka mutu. An yi sa'a feshin maganin sauron da aka fara ya dace da cututtukan biyu. Duk da haka an yi mako uku ana yaƙi da abokin gaba da sunan wani, hankaki kuwa sun yi makonni suna faɗuwa kafin mutum na fari ya kwanta. Rahoton da ofishin binciken gwamnati ya kai wa majalisar ƙasar a 2000 ya nuna cewa rashin magana tsakanin likitocin mutane da na dabbobi yana cikin abin da ya kawo jinkirin.

Cutar ba ta tsaya ba. A 2002 ta kama mutum 4,156 a Amurka, 284 suka mutu. A 2003 aka ƙirga 9,862, ta kuwa kai har bakin tekun yamma. An same ta a tsuntsaye iri fiye da 300, a wasu yankuna kuma hankaki sun ragu da kusan kashi 45 cikin ɗari.

Yadda ƙararrawar take aiki

Daga nan ne jihohi suka ɗora wa jama'a aiki. Duk wanda ya ga mataccen tsuntsu, musamman hankaka, ya buga waya ya faɗi wurin. Ma'aikata su zo su ɗauka tun bai ruɓe ba, su shafo ruwan bakinsa ko su yanki ƙodarsa a gwada. Ana sa alamar kowane mushe a kan taswira. Inda alamun suka taru, can ake aika masu kama sauro da masu zuba magani a kwatami, a kuma gargaɗi asibitocin wurin su sa ido. Dalilin da ya sa dabarar take ci a fili yake. Dole cutar ta fara yawa cikin tsuntsaye kafin sauro masu ɗauke da ita su yi yawan da za su kai ga mutane, hankakan Amurka kuwa ba ya daɗewa da kamuwa yake mutuwa. Saboda haka mutuwarsa takan riga ciwon mutane da kwanaki, sau da yawa da makonni. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta yi muni.

Turai ma ta sha irin wannan da wata ƙwaya ta Afirka mai suna Usutu, 'yar'uwar ta Yammacin Nilu. An fara samunta a jikin sauro a kudancin Afirka a 1959. A 2001 wasu baƙaƙen tsuntsaye masu zaƙin kuka, waɗanda Turawa suke ƙauna a lambunansu, suka yi ta mutuwa a Biyena, babban birnin Ostiriya. Mushensu ne ya tona asirin zuwanta. A 2011 abin ya kai Jamus, har aka roƙi jama'a su riƙa aika matattun tsuntsaye zuwa cibiyar Bernhard Nocht da ke Hambag. Kada mai karatu ya ce abin na nesa ne. Cikin mutanen farko da aka taɓa samun Usutu a jininsu, akwai ɗaya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1981, da wani a Burkina Faso a 2004, ƙasar da take maƙwabtaka da Dapaong.

A Sokode da Dapaong

Yanzu mu komo gida. Sokode garin Kotokoli ne a tsakiyar Togo, kimanin kilomita 340 daga Lome. Dapaong kuwa garin Moba ne, can ƙurya arewa, fiye da kilomita 600 daga bakin teku. Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da Katsina sun ratsa ta tun kafin zuwan Jamusawa, suka yada zango a Didaure ta Sokode da Sansanin Mango, jikokinsu suna nan har yau. Tsakanin Mango da Dapaong akwai kwarin kogin Oti, wanda yake malala da damina ya bar fadamu da tafkuna. Nan tsuntsayen ruwa suke taruwa, har da baƙi masu gudo wa sanyin Turai, kamar dai yadda suke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Ga tsuntsu, ga ruwa, ga sauro, ga mutane da kajinsu da zabinsu. To, sai mu kwafi dabarar Niyu Yok yadda take? Tarihi ya ba mu abu uku da za mu lura da su tukuna.

Na ɗaya, tsuntsayen Afirka sun daɗe suna zama da wannan ƙwaya, yawancinsu sukan kamu su warke. Ba a saba ganin sun zube kamar hankakin Amurka ba, waɗanda cutar ta iske su ba shiri. Don haka shirun tsuntsaye a nan ba shaidar lafiya ba ce. Binciken jini a Nijeriya ya sha nuna alamar cutar a jikin mutane da dawaki, mai ita kuwa yakan tafi asibiti a ce masa zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Masu bincike suna da wasu 'yan tsaro da suka fi dacewa da mu. Akwai kaji, waɗanda cutar ba ta kayar da su, amma jininsu yakan nuna ta wuce. Ana ajiye su a keji kusa da ruwa, ana ɗibar jininsu lokaci lokaci. An gwada haka a bakin kogin Senegal a 2008 da 2009. Akwai kuma doki. Sokode garin mahaya ne, kowa ya ga bikin Gadao-Adossa ya san haka. Dokin da ya fara tangaɗi, leɓensa yana rawa, ƙafafun bayansa suna gazawa a ƙarshen damina, ya cancanci a kira masa likitan dabbobi, don lafiyarsa da ta masu gidan.

Na biyu, cututtukan bairus na sauro da suka fi taɓa arewacin Togo ba ta tsuntsu suke bi ba. Shawara da zazzaɓin dengi, sauron Aedes ne yake kai su, mai cizon rana, mai ƙwai a randa da tulu da tsohuwar taya da kogon itace. Shawara tana zagayawa tsakanin birai da sauro a daji kafin ta shigo gari. A Barazil birai sukan mutu da ita, mutuwarsu kuwa ita ce gargaɗin hukuma. Biran Afirka galibi ba sa mutuwa. Saboda haka a wurinmu mutum ne ƙararrawa, wato wanda zazzaɓi ya kama, idonsa ya yi rawaya cikin mako biyu. A ƙarshen 2006 mutum uku kacal aka gani da alamun nan a gundumomin Dankpen da Oti, amma da aka tabbatar, a watan Fabrairu na 2007 aka fita yi wa mutum kimanin miliyan 1.3 allura a jihohin Kara da Savanes. A cikin shekarar kuma aka yi wa wasu miliyan 3.6 a sauran ƙasar, Togo ta zama ta farko a babban shirin rigakafin shawara na Afirka ta Yamma. A 2020 aka sāke samun wata mata da ita a Galangashi, kusa da Mango. Ta kwanta tun farkon shekara, jininta ya je Cibiyar Tsabta ta Ƙasa a Lome, daga can ya wuce Cibiyar Pasteur ta Dakar, ba a tabbatar ba sai a watan Afrilu. Dubi tsawon hanyar da labari yake bi. Duk kwanan da aka ɓatar a ƙauye kafin a faɗa, ƙari ne a kan wannan. Dengi kuwa ta kashe mutum fiye da 700 a Burkina Faso a 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Na uku, idan tsuntsaye suka zube da yawa a ƙasashenmu, akwai wasu masu laifi da za a fara tuhuma. Akwai annobar kaji ta lokacin hunturu, wadda likitoci suke kira Newcastle, tana da rigakafi mai araha. Akwai guba, wadda take cikin abin da ya ƙarar da ungulu a kasuwannin da dā ba a rasa ta. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda ba ruwanta da sauro, amma tana iya kama mai taɓa tsuntsun. A ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka. Kaji sun yi makonni suna mutuwa kafin sanarwar. Ta bazu Kano da Filato, kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya ta Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata budurwa a Ikko. A watan Yuni na 2007 ta shiga Togo ta Sigbehue, kusa da Aneho, a 2025 kuma aka same ta a Adjengre da cikin gundumar Tchaoudjo, wadda Sokode ce hedkwatarta.

Abin da ya rage gare mu

Ka gani, ya mai karatu, mataccen tsuntsu a Dapaong ba lalle ne ya faɗi abin da na Niyu Yok ya faɗa ba, amma ba ya rasa abin faɗa. Mai tsintarsa kuma ba zai iya sanin ko wane ne cikin sanadan nan da ido ba. Aikin ɗakin gwaji ne. Nasa aikin shi ne ya kai labari da wuri.

A nan ne wuyar take. Matar da zabinta goma su ne kuɗin makarantar 'ya'yanta, in ta ga uku sun mutu da safe, zuciyarta za ta ce mata ta yanka sauran ta kai kasuwa kafin a ji. Tana tsoron a zo a hallaka su duka a bar ta hannu wofi. Tsoron nan ba na banza ba ne. A 2006 Naira 250 aka fara biya a kan kowace kaza a Nijeriya, masu kiwo da yawa suka ga bai kai ba, wasu suka ɓoye nasu. Hukumar da take son a gaya mata gaskiya, sai ta biya diyya mai ma'ana, a kan lokaci. Amma mu ma mu tuna, kazar da aka sayar a ɓoye gidan maƙwabci za ta shiga, motar da ta ɗauke ta daga Dapaong kuwa tana ratsa Mango da Kara da Sokode kafin ta kai Lome.

Saboda haka in ka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya, na gida ko na daji, kada ka taɓa da hannu tsirara, kada a ci, kada a sayar, a kuma hana yara da karnuka zuwa wurin. Ka gaya wa malamin dabbobi, in babu shi kusa ka gaya wa mai unguwa ko sarkin zango ko ma'aikacin ɗakin shan magani. In an ce a binne, a sa hannu cikin leda a ɗauka, a haƙa rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu. Mai zazzaɓin da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti ran nan. A rufe randa, a kife tsofaffin gwangwanaye, a yashe kwatami, a kwana cikin gidan sauro. Jariri in ya kai wata tara a kai shi allurar shawara, sau ɗaya ta isa har iyakar rai. Zazzaɓin Yammacin Nilu kuwa har yanzu ba shi da allurar mutane, sai ta dawaki, don haka tsare kai daga cizo shi ne abin yi.

Shugabannin jama'a, ko a ikkilisiya ko a masallaci ko a kasuwar kaji, su ne suka fi kowa jin abin da yake faruwa a gidaje. In manomi ko yaro mai kiwo ya zo musu da labarin mushe, kada su yi masa dariya. Likitar nan ta Bronx ma an raina maganarta da farko don a kan hankaki take, ga shi kuwa ita ce mai gaskiya.